Takardun da Aka Kafa Amurka a Kansu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ikon Gwamnati da Haƙƙin Ɗan Ƙasa

Duk zangon karatun da muka iso kan tsarin mulkin Amurka, tambayoyin da ɗalibai ke jefo mini kusan ba sa canzawa, kuma su ne dai nake ji a bakin abokai masu bin siyasar ƙasar a rediyo. Shi ya sa na tara su wuri guda. Wanda yake sauri yana iya tsallakawa zuwa tambayar da ta dame shi. Inda wata amsa ta jingina da wata, na yi nuni.

Waɗanne takardu ake nufi idan an ce takardun kafa Amurka?

Manyan huɗu ne. Akwai Sanarwar 'Yancin Kai ta 4 ga Yuli 1776, wadda yankuna goma sha uku suka yi amfani da ita wajen raba gari da Birtaniya. Sai Yarjejeniyar Ƙawancen Jihohi, da aka kammala a 1777 ta fara aiki a 1781, wadda ita ce tsarin mulkin ƙasar na farko ko da yake yau an fi mantawa da ita. Sai Kundin Tsarin Mulki da aka rubuta a Filadelfiya a 1787, wanda har gobe da shi ake aiki. Ta huɗu ita ce Takardar Haƙƙoƙi, wato gyare-gyare goma na farko da aka liƙa wa kundin a 1791.

A gefensu akwai wasu da ba a fahimtar huɗun sai da su: sanarwar haƙƙoƙi ta jihar Bajiniya da George Mason ya rubuta a watan Yuni 1776, da maƙaloli 85 da Alexander Hamilton da James Madison da John Jay suka buga a jaridun Niyok don tallata kundin, da kuma rubuce-rubucen masu adawa da shi.

Ba duk magana ɗaya suke yi ba? Ina ce duk batun 'yanci ne?

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Mutanen zamani ɗaya ne suka rubuta su, cikin shekara goma sha biyar kacal, amma kowace takarda tsoron da ya haife ta daban. A 1776 tsoron sarki ake yi, don haka Sanarwar ta fito a matsayin takardar ƙara a kan mai iko. Yarjejeniyar Ƙawance ta ɗauki wannan tsoro ta kai shi ƙarshe, ta kafa gwamnatin da ba ta iya tilasta wa kowa komai. Zuwa 1787 tsoron ya juya: yanzu rashin iko ne ke neman wargaza ƙasar, sai kundin ya gina gwamnati mai ƙarfi. A 1791 kuma waɗanda wannan ƙarfi ya tsorata suka matsa aka ɗaura mata takunkumi.

Saboda haka idan ka ji 'yan siyasar Amurka biyu suna cacar baki kowa yana rantsuwa da “abin da magabata suka nufa”, sau da yawa duk su biyun ba ƙarya suke yi ba. Kowa dai ya zaɓi takardar da ta yi masa daɗi ne.

Me Sanarwar 'Yancin Kai ta ce a kan iko da haƙƙi?

Thomas Jefferson, yana ɗan shekara 33, shi ya rubuta daftarin, a cikin kwamitin mutum biyar da ya haɗa da John Adams da Benjamin Franklin. Hujjarta tana tafiya hawa-hawa: an halicci mutane daidai, Mahaliccinsu ya ba su haƙƙoƙin da ba a ƙwacewa, cikinsu akwai rayuwa da 'yanci da neman jin daɗi, don kare waɗannan haƙƙoƙi ake kafa gwamnati, ikonta na halal daga yardar waɗanda take mulka yake fitowa, idan ta koma tana rusa abin da aka kafa ta domin shi, jama'a na da haƙƙin gyara ta ko tumɓuke ta. Wato haƙƙi ya riga gwamnati zuwa duniya. Tunanin ba sabo ba ne, masanin falsafar Ingila John Locke ya shimfiɗa shi tun ƙarni na 17, sai dai shi dukiya ya ambata a inda Jefferson ya sa neman jin daɗi.

Amma wannan sashe da kowa ya haddace ɗan guntu ne. Mafi yawan takardar jerin laifuffuka 27 ne da aka jibga wa Sarki George na Uku: ɗora haraji ba da yardar jama'a ba, rusa majalisun yankuna, ajiye sojoji a cikin gari lokacin zaman lafiya, mai da alƙalai 'yan amshin shatansa ta hanyar riƙe albashinsu da muƙaminsu, hana mutane shari'a gaban masu taya alƙali yanke hukunci. Ina shawartar ɗalibai su riƙe wannan jeri a hannu idan sun zo karanta gyare-gyare goma, don za su ga kusan kowane ciwo da maganin da aka rubuta masa daga baya.

Sanarwar doka ce? Mutum zai iya shiga kotu da ita?

A'a. Ba ta kafa majalisa ko kotu ko ofishi ba, kuma alƙali ba ya soke doka don kawai ta saɓa mata. Ƙarfinta a bakin mutane yake. Matan da suka taru a Seneca Falls a 1848 don neman haƙƙin mata sun kwaikwayi lafazinta, suka ƙara “da mata” a jimlar an halicci mutane daidai, wadda a Turanci kalmar “maza” ta yi amfani da ita. Abraham Lincoln a jawabinsa na Gettysburg a 1863 daga 1776 ya ƙirga shekarun ƙasar, ba daga 1787 ba. Martin Luther King a 1963 ya kwatanta alkawarinta da cakin da aka ba baƙar fata banki ya dawo da shi. Dalilin da ya sa waɗanda aka ware suka fi son ta yana cikin amsar tambayar bauta a ƙasa.

Me ya sa suka fara da gwamnatin da ba ta da haƙora?

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen da ke tsakiyar yaƙi da wata gwamnati mai nisa saboda haraji ba za su yarda su kafa wata irinta a gida ba. Yarjejeniyar Ƙawance ta kira kanta ƙawancen zumunci tsakanin jihohi, kuma sashenta na biyu ya fito fili ya ce kowace jiha tana riƙe da cikakken ikonta da duk abin da ba a miƙa wa majalisar ƙasa “ƙarara” ba. A riƙe wannan kalma, za mu dawo kanta.

Babu shugaban ƙasa mai zartarwa, babu tsarin kotunan tarayya, majalisa ɗaya ce tak, kowace jiha ƙuri'a ɗaya komai girmanta. Manyan al'amura kamar yaƙi da cin bashi sai jihohi tara sun yarda, gyara yarjejeniyar kuwa sai duka goma sha ukun. Majalisa na iya ayyana yaƙi da ƙulla yarjejeniya da ƙasashen waje, amma ba ta iya karɓar ko kwabo na haraji daga hannun mutum. Sai dai ta aika wa jihohi roƙo. Batun haƙƙin ɗaiɗaikun mutane kusan ba ta taɓa shi ba, don an bar wa kundin kowace jiha. Ɗan abin da ta faɗa shi ne 'yantaccen mazaunin wata jiha yana da gatan 'yan kowace jiha idan ya shiga cikinta, kuma ko a nan ta cire matalauta masu dogaro da taimako da 'yan yawon banza.

To me ya kashe ta?

Talauci da raini. An nemi a ba majalisa damar karɓar kuɗin fito na kashi biyar cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su don ta biya bashin yaƙi. Ƙaramar jihar Rhode Island ita kaɗai ta ce a'a, magana ta mutu. Da aka sake gwadawa, Niyok ce ta toshe. A watan Yuni 1783 sojojin da ba a biya albashi ba suka yi wa ginin da majalisa ke zama a Filadelfiya ƙawanya, hukumar jihar ta ƙi kiran dakarunta su kare ta, 'yan majalisar ƙasa guda suka tattara komatsansu suka gudu Princeton. Ka kwatanta wannan a ranka: gwamnatin da ta ci Birtaniya da yaƙi ba ta da mai gadin ƙofarta.

Abin da ya ƙarasa tsorata manya shi ne boren manoman yammacin Massachusetts a 1786 zuwa 1787. Bashi da haraji sun yi musu katutu, kotuna na ƙwace gonaki, da yawansu kuma tsofaffin sojojin yaƙin 'yanci ne, irin su Daniel Shays da boren ya ɗauki sunansa. Suka rufe kotuna, suka nufi rumbun makamai na Springfield. Gwamnatin ƙasa ba ta da kuɗin tura soja; attajiran Boston ne suka yi karo-karo aka ɗauki dakarun da suka murƙushe su. Watanni kaɗan bayan haka aka hallara a Filadelfiya.

Wane iko kundin 1787 ya ba gwamnatin tarayya, kuma me zai hana ta zama sabon sarki?

Wakilai 55 daga jihohi goma sha biyu suka halarta, Rhode Island ta ƙaurace. An aike su ne su yi wa Yarjejeniyar Ƙawance kwaskwarima, sai suka rufe ƙofa da tagogi duk da zafin bazara, suka yi alkawarin riƙe sirri, suka rubuta sabon abu ɗungurungum ƙarƙashin shugabancin George Washington. Sabuwar gwamnati za ta karɓi haraji, ta tsara kasuwanci tsakanin jihohi da ƙasashen waje, ta buga kuɗi, ta tara soja, ta yi duk dokar da ta zama dole kuma ta dace don zartar da waɗannan. Sashe na shida ya ɗora kundin da dokokin tarayya a kan na jihohi. Babban sauyin shi ne hannunta yanzu yana kaiwa kan mutum kai tsaye, ba sai ta bi ta jiharsa ba.

Maganin da suka yi wa haɗarin shi ne raba ikon, sannan a haɗa masu riƙe da shi goshi da goshi. Shugaba na iya hawa kujerar na-ƙi a kan doka, kashi biyu cikin uku na majalisun biyu na iya tsallake shi. Shi ke naɗa alƙalai amma sai Majalisar Dattawa ta amince. Majalisar Wakilai na tuhumarsa, Dattawa su yi shari'ar tsige shi. Madison ya bayyana dabarar a maƙala ta 51 cikin 85 ɗin da aka ambata: da mutane mala'iku ne da ba a buƙaci gwamnati ba, tunda kuwa ba su ba ne, sai a sa kwaɗayin wani ya tare kwaɗayin wani. Ba su dogara da samun shugaba nagari ba, kuma a ganina wannan ne wuri mafi hikima a aikin nasu.

Kada a ɗauka sun amince da talaka. A kundin asali Majalisar Wakilai kaɗai jama'a ke zaɓa kai tsaye. Sanatoci majalisun jihohi ke zaɓensu har zuwa 1913, shugaban ƙasa kuma ta hannun wakilan zaɓe. Sun ga boren Shays, kuma sarkin yawa ya ba su tsoro kamar yadda sarkin ƙarfi ya ba su.

Da gaske ne kundin asali ba shi da babin haƙƙoƙi? Mantuwa aka yi?

Ba mantuwa ba ce. Ranar 12 ga Satumba 1787, kwana biyar kafin a tashi, George Mason ya nemi a sa, yana cewa 'yan sa'o'i za su isa a rubuta. Da aka kaɗa ƙuri'a, babu jiha ko ɗaya da ta goyi baya. Mason ya ƙi sa hannu, shi da Edmund Randolph da Elbridge Gerry; mutum 39 suka sa.

Hujjar masu ƙi tana cikin maƙala ta 84 ta Hamilton: gwamnatin tarayya ba ta da iko sai wanda aka lissafa mata, to don me za a hana ta abin da tun farko ba a ba ta ba? Har ya ce jerin yana da haɗari, don wani zai zo ya ce duk haƙƙin da ba a rubuta ba an sallama shi. Madison kuma ya rubuta wa Jefferson a 1788 cewa irin waɗannan jeri shinge ne na takarda, ya ga yadda masu rinjaye ke tsallake su a jihohi duk lokacin da suka ga dama. Jefferson daga birnin Paris ya nace cewa jama'a sun cancanci takardar haƙƙoƙi a kan kowace gwamnati a doron ƙasa.

Duk da haka akwai 'yan kariya da aka tsarma a cikin kundin: ba a dakatar da 'yancin wanda aka tsare na a gabatar da shi gaban alƙali sai a lokacin tawaye ko mamaya, majalisa ba ta yanke wa mutum hukunci da doka ba tare da shari'a ba, ba a hukunta mutum da dokar da aka yi bayan ya aikata abu, cin amanar ƙasa sai da shaidu biyu ko iƙirari a gaban kotu.

Su wane ne masu adawa da kundin? Sun yi asara ke nan?

Manyan mutane ne, ba 'yan tayar da zaune tsaye ba: Mason, Patrick Henry, Richard Henry Lee, da marubutan da suka ɓoye sunansu a bayan laƙabi irin su Brutus. Henry ya tsaya a taron da Bajiniya ta kira don amincewa da kundin ko ƙinsa ya tambaya wa ya ba wakilan Filadelfiya izinin cewa “Mu jama'a” maimakon “Mu jihohi”. Brutus ya yi hasashen cewa kotunan tarayya da ikon haraji za su riƙa faɗaɗa gwamnatin tsakiya sannu a hankali, kuma duk mai adalci zai yarda bai yi nisa da gaskiya ba.

Da ƙyar kundin ya sha a tarukan amincewa na wasu jihohi: 187 da 168 a Massachusetts, 89 da 79 a Bajiniya, 30 da 27 a Niyok. A waɗannan jihohi sai da aka haɗa amincewar da jerin gyare-gyaren da ake so. Sun faɗi a ƙuri'a, amma Takardar Haƙƙoƙi tasu ce, ko da yake abokin hamayyarsu ne ya rubuta ta. Madison ya yi wa masu zaɓensa alkawari lokacin da yake takara da James Monroe, ya kuma cika a watan Yuni 1789, da wayonsa: ya ba su haƙƙoƙi, ya ƙi taɓa ikon haraji da sauran ƙarfin tarayya da suka fi son a rage.

Me gyare-gyare goman suka ƙunsa?

Na farko ya hana majalisar tarayya kafa addinin gwamnati ko hana yin addini, ko tauye faɗin albarkacin baki, 'yancin jarida, taro cikin lumana da kai koke. Na biyu riƙe makami ne, wanda aka ambata tare da buƙatar dakarun sa-kai, kuma har yau ana jayayya a kan alaƙar ɓangarorin biyu na jimlar. Na uku ya hana cusa soja a gidan mutum ba da yardarsa ba a lokacin zaman lafiya. Daga na huɗu zuwa na takwas galibi na wanda hukuma ta sa wa ido ne: ba a binciken gida barkatai, ba a tilasta wa mutum ba da shaida a kan kansa, ba a yi masa shari'a sau biyu kan laifi ɗaya, ba a karɓe dukiyarsa don amfanin jama'a sai da diyya, yana da haƙƙin lauya da shari'a cikin hanzari a bainar jama'a, ba a tsawwala beli ko tara, ba azabtarwa. Wasu daga ciki tsofaffin kaya ne daga Ingila. Batun beli da azabtarwa kusan kalma da kalma aka kwaso shi daga dokar haƙƙoƙi ta Ingila ta 1689 ta hanyar sanarwar Bajiniya.

Na tara amsa ce ga fargabar Hamilton da aka ambata a sama: lissafa wasu haƙƙoƙi ba ya nufin babu sauran. A lura da salon: Sanarwar 1776 tana cewa mutum yana da kaza, su kuwa waɗannan galibi cewa suke kada gwamnati ta yi kaza. Babu alkawarin ilimi ko aiki ko magani a cikinsu.

Mece ce kalmar da aka ce an cire daga gyara na goma?

“Ƙarara.” Gyara na goma ya ce ikon da ba a miƙa wa tarayya ba na jihohi ne ko na jama'a, kusan lafazin sashe na biyu na Yarjejeniyar Ƙawance, amma ba tare da wannan kalma ba. An nemi a sa ta a majalisa, Madison ya ƙi, yana cewa babu gwamnatin da za ta yi aiki in ba a yarda tana da ikon da ake fahimta ko ba a rubuta ba. A 1819, da jihar Maryland ta ɗora wa bankin tarayya haraji tana cewa kundin bai ambaci banki ba, Alƙalin Alƙalai John Marshall ya nuna gurbin wannan kalma, ya ba tarayya gaskiya.

Takardar Haƙƙoƙi ta kare mutum daga gwamnatin jiharsa?

Shekaru da dama ba ta kare ba, kuma wannan na ba ɗalibai mamaki fiye da komai. John Barron yana da matsayar jiragen ruwa mai kawo riba a Baltimore. Hukumar birnin ta karkatar da magudanan ruwa wajen aikin tituna, yashi da laka suka cike wurin har manyan jirage suka daina iya tsayawa. Ya nemi diyya da gyara na biyar. A 1833 Kotun Ƙoli ta ce gyare-gyaren gwamnatin tarayya kaɗai suka ɗaure, ba jiha ko birni ba.

Madison ya hango wannan. Cikin shawarwarinsa akwai wadda za ta hana jihohi tauye 'yancin imani da na jarida da shari'a gaban masu taya alƙali, ya ma ce ita ce mafi daraja a jerin, amma Majalisar Dattawa ta yi watsi da ita. Sai bayan yaƙin basasa gyara na 14 na 1868 ya ɗaure jihohi, kuma ko shi a hankali kotu ta riƙa aiki da shi, haƙƙi bayan haƙƙi, tun daga wajajen 1925.

Yaya mai bayi zai rubuta cewa an halicci mutane daidai?

Babu amsar da za ta wanke su. Jefferson ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Washington da Madison da Mason duk masu bayi ne. Ƙidayar 1790 ta samu bayi kusan 700,000 cikin mutum kusan miliyan huɗu. A daftarin Sanarwar akwai sakin layi da ya la'anci cinikin bayi, ya ɗora laifin a kan sarki. Majalisa ta goge shi.

Kundin 1787 ya kauce wa kalmar bawa, amma ya yi wa bauta gata a wuri uku: an hana majalisa haramta shigo da bayi kafin 1808, an wajabta mayar da wanda ya gudu zuwa wata jiha, kuma wajen rabon kujerun majalisa ana ƙirga kashi uku cikin biyar na bayi. Mutane kan juya wannan na ƙarshe. Masu bayin Kudu ne suka so a ƙirga su duka don kujerunsu su ƙaru, 'yan Arewa suka so kada a ƙirga su sam. Bawan dai ba shi da ƙuri'a ko ta wane lissafi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. A 1857, a shari'ar Dred Scott, Kotun Ƙoli ta ce baƙar fata ba sa cikin “jama'ar” da takardun ke nufi. Sai da aka yi yaƙi kafin gyara na 13 ya soke bauta a 1865. Mata sun samu ƙuri'a a faɗin ƙasa a 1920, 'yan asalin ƙasar kuma, waɗanda Sanarwar ta zaga da sunan marasa imani 'yan daji, a 1924 aka ba su duka shaidar zama 'yan ƙasa.

Me suka ce a kan addini? Musulmi sun shigo cikin maganar?

Sanarwar ta ambaci Mahalicci, kundin kuwa bai kafa hujja da addini ba; abin da ya ce a sashe na shida shi ne ba za a gindaya sharaɗin addini ga mai neman muƙamin tarayya ba. Wannan ya tayar da ƙura. A taron jihar North Carolina na 1788 wasu sun koka cewa ta haka Musulmi ko wanda ba shi da addini zai iya hawa mulki, James Iredell ya kare sashen da cewa ba a buɗe ƙofar 'yancin addini ga wasu a rufe wa wasu. Jefferson ma ya rubuta cewa dokar 'yancin addini ta Bajiniya ta 1786 an nufi ta kare Bayahude da Kirista da Musulmi da Bahinde. Suna wannan magana kamar ta mutanen nesa, alhali a gonakinsu akwai Musulmin Afirka ta Yamma cikin bayi. Ɗaya daga cikinsu, Umar ibn Sa'id na Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 a North Carolina ɗin nan.

Saboda dalilin da aka bayyana a shari'ar Barron, hanin kafa addinin gwamnati bai shafi jihohi ba da farko. Massachusetts ta ci gaba da tallafa wa coci da kuɗin haraji har 1833.

Idan gwamnati ta taka waɗannan haƙƙoƙi, wa ke taka mata birki?

Gwajin farko bai yi kyau ba. Shekara bakwai kacal bayan gyara na farko, a 1798, majalisa ta yi dokar da ta mai da sukar gwamnati da “ƙarya da ɓatanci” laifi, Shugaba John Adams ya sa hannu. Aka ɗaure editoci. Ɗan majalisa Matthew Lyon na Vermont ya sha wata huɗu a kurkuku da tarar dala 1,000, mutanensa suka sake zaɓensa yana ciki. Ba kotu ce ta kashe dokar ba: zaɓen 1800 ya kawar da jam'iyyar da ta yi ta, wa'adinta ya ƙare a 1801, Jefferson ya yi wa waɗanda aka hukunta afuwa.

Kundin bai rubuta ƙarara cewa kotu na iya soke dokar majalisa ba. Hamilton ya yi hujjar haka a maƙala ta 78, inda ya ce ɓangaren shari'a ba shi da takobi ba shi da jakar kuɗi, hukunci kawai gare shi. Marshall ne ya tabbatar da ikon a shari'ar Marbury da Madison a 1803.

Ina ruwan Najeriya da wannan?

Akwai alaƙa ta gaske. Jamhuriya ta farko tsarin firaminista irin na Birtaniya ta bi. Kwamitin da Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ya kai ga kundin 1979, wanda ya ɗauko shugaba mai cikakken iko, majalisu biyu, kujeru daidai ga kowace jiha a Majalisar Dattawa, tsigewa da tantance ministoci, duk a kan samfurin Amurka. Kundin 1999 ya gaji wannan.

Amma babin haƙƙoƙinmu ba daga can ya zo ba. Hukumar Willink da ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958 ce ta ba da shawararsa, aka tsara shi a kan yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, kuma tun farko ya ɗaure kowane matakin gwamnati. Rabon iko ma ya bambanta: jihohin Amurka sun riga tarayya, su suka yanka mata rabonta, mu kuwa daga tsakiya aka riƙa yanka jihohi, shi ya sa 'yan sanda a can galibi na jiha da gari ne, a nan rundunar ɗaya ce. Tambayar Patrick Henry kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda kundin 1999 da ya buɗe da “Mu jama'a” dokar soja ce ta kawo shi a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar.

An ce gyare-gyare goma sha biyu aka tura wa jihohi. Ina sauran biyun?

Haka ne, goma sha biyu majalisa ta tura a watan Satumba 1789, goma suka samu amincewa ranar 15 ga Disamba 1791. Abin da ake kira gyara na farko yau shi ne na uku a jerin, don haka masu cewa an sa shi a gaba saboda ya fi kowanne daraja su yi hattara. Na ɗaya a jerin kan adadin kujerun Majalisar Wakilai ne, bai taɓa samun isassun jihohi ba.

Na biyu ya ce idan 'yan majalisa suka sauya albashinsu, sauyin ba zai fara aiki ba sai bayan zaɓe mai zuwa. Ya kwanta kusan shekara 200. A 1982 wani ɗalibin Jami'ar Texas, Gregory Watson, ya rubuta a aikin aji cewa tunda ba a sa masa wa'adi ba, har yanzu jihohi na iya amincewa da shi. Aka ba shi makin C. Haushi ya sa ya shiga aika wa 'yan majalisun jihohi wasiƙu da kuɗin aljihunsa, jiha bayan jiha suna amincewa, har ya zama gyara na 27 a watan Mayu 1992, wanda shi ne na ƙarshe da aka yi wa kundin zuwa yau. A 2017 jami'ar ta canza masa makin zuwa A.